Garantin Shekara Biyar

Likitan ya jira sai da Baba ya fita ya ja ƙofa, sannan ya ce da 'yarsa ta ɗan dakata, akwai maganar magunguna. Ashe ba maganar magunguna ba ce. Ya juyo mata da allon kwamfuta, ya nuna mata hoton hantar mahaifinta, yana bin wasu tabo da bayan biro. Ciwon ya bazu, in ji shi, tiyata ba za ta yi amfani ba, abin da ya rage kawai a riƙa rage masa zafi. Da ta tambaye shi ko saura yaushe, sai ya cire tabarau ya murza idonsa.

"Rai na Allah ne. Amma in abin da na gani kike tambaya, watanni ne, ba shekaru ba."

Ta roƙe shi kada a faɗa wa Baba yau. Yau zai sayi mota, kuma ya daɗe yana jiran wannan rana. Likitan ya yarda ya bari sai zuwa na gaba, amma ya gargaɗe ta cewa in tsohon ya tambaye shi kai tsaye, ba zai yi masa ƙarya ba.

Ta shige banɗakin mata, ta sakar wa famfo ruwa don kada a ji ta, ta yi kukan da za ta iya cikin ɗan lokacin da take da shi. Sannan ta wanke fuska, ta gyara ɗankwalinta, ta fito. Ta tarar da Baba a kan bencin jira ya tare wani bawan Allah mai karyayyen hannu, yana yi masa bayanin bambancin kujerar fata ta gaske da ta roba. Mutumin sai gyaɗa kai yake yi, ya rasa hanyar tsira.

"Ga Lauya nan," in ji Baba. "Ita ce ke son ta hana ni."

Ita fa ba lauya ba ce. A kamfanin inshora take aiki, sashen da ke duba motocin da suka yi haɗari ko suka lalace. Baba ne ya laƙaba mata sunan tun tana firamare, saboda ba a taɓa cewa abu fari ne ta yarda ba tare da ta nemi hujja ba. Shi kuma, maimakon ya tsawata mata kamar sauran iyaye, sai ya gyara zama ya kawo tasa hujjar. Haka suka taso. Sun yi musu a kan makarantar da za ta shiga, sun yi a kan fentin falo, sun yi a kan mijin da ta aura, sun kuma yi a kan rabuwarta da shi. Mama kan ce zama da su biyun kamar a kunna rediyo biyu ne a ɗaki ɗaya. Duk wanda ya san gidan ya san wannan musun shi ne hirarsu, kuma shi ne ƙaunarsu. Ranar da aka ji su shiru, to ɗayansu ba shi da lafiya.

Musun motar ya fi kowanne daɗewa. Tsohuwar motar gidan ta mutu ne a tsakiyar titi, a hanyar asibiti, Mama na tuƙi, Baba na gefe yana murƙususun ciwo, masu motoci na ta danna musu oda. Bayan wannan ne Baba ya sayar da filin da ya ajiye a bayan gari, ya ce mota za a saya. Kuɗin filin zai iya sayen ɗaya cikin biyu, kuma duk biyun suna wurin dillali guda. Akwai wata 'yar madaidaiciya, sabuwa fil, da garantin shekara biyar. Akwai kuma wata baƙa, doguwa, irin ta manyan mutane, ta hannu, wadda ta shekara takwas a duniya.

Baba baƙar yake so, kuma ba ya ɓoye dalili. Shekara talatin da wani abu ya yi yana aiki a babban otal, ya faro daga mai ɗaukar jaka har ya zama shugaban masu tarbar baƙi. Ya buɗe ƙofofin irin waɗannan motoci sau ba adadi, ya rusuna, ya riƙe wa mutane lema, ya rufe a hankali. Ko sau ɗaya bai taɓa zama a ciki ba.

Ita kuwa Lauya makin ƙarko ta riƙe. A wurin aikinsu suna da rahoton da ake tattarowa daga masu motoci, a tambaye su sau nawa mota ta ba su matsala, sannan a ba kowane samfuri taurari. Sabuwar na da biyar cif. Baƙar na da biyu, su ma da ƙyar. Ta sha zaunar da Baba ta karanto masa: giyarta kan fara wasa in ta tsufa, wayoyin wutarta sun fi na gidan bene yawa, ƙafafunta na iska ne, ranar da suka sace sai a wayi gari motar ta durƙusa kamar raƙumi. Kayan gyaranta sai an yi oda daga waje, kuma ba kowane bakanike ke iya taɓa ta ba. Baba ya ce taurari a sama suke, shi a ƙasa zai yi tuƙi. Ta ce to a ƙasan za ta ajiye shi. Mama ta ce su dai su yi su gama, ita ta gaji da tsayar da tasi.

A cikin tasin da ta ɗauko su daga asibiti, Baba ya fara tsokana tun kafin su hau babban titi. Ya ce ya ji labarin waɗannan masu ba da maki ko keke ba su da shi. Ya saci kallonta yana jiran ta taso. Ta yi murmushi kawai. Ya ƙara da cewa sabuwar motar nan gwangwani ce, in babbar mota ta wuce kusa da ita sai iska ta kwashe ta. Nan ma ba ta tanka ba. Idonta na kan hannunsa da ya ɗora a gwiwa. Agogon da ya shekara ashirin yana ɗaurawa ya zame har tsakiyar bayan hannun, ita kuma sai yau ta lura.

Ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce kanta ke ɗan ciwo, warin asibiti ne. Ta juya tana kallon shaguna suna wucewa. Me garantin shekara biyar zai yi wa mutumin da aka ce masa watanni? Giyar da za ta lalace baɗi, ina ruwansa da ita? Duk hujjojin da ta tara, waɗanda take alfahari da su, sai ta ga ba su da nauyin komai. Kafin su iso ta riga ta yanke shawara. Baba zai zauna a motar da yake so, ko da wata ɗaya ne. In ta durƙusa daga baya, ta durƙusa, ita za ta san yadda za ta yi.

Dillalin ya hango su tun daga bakin get, ya taho yana washe baki, amma fara'ar ta Baba ce kawai. Bai manta zuwansu na baya ba, ranar da Lauya ta durƙusa da kayanta masu kyau ta haska fitilar waya a ƙarƙashin baƙar motar, ta nuna masa inda baƙin mai ke tsatsafowa, ta kuma tambaye shi dalilin da ya sa aka liƙe wata 'yar fitila a gaban direba da baƙin tef. Tun daga ranar yake gaishe ta da ladabin da ake yi wa jami'in haraji.

An wanke baƙar motar, an goge ta har mutum na ganin fuskarsa a jikinta. Baba ya zagaya ta a hankali, hannunsa a baya. Ya buɗe ƙofar baya, ya tura ta da yatsa biyu, ta rufe da wani sauti mai taushi.

"Kin ji? Haka ƙofa take rufuwa. Taki kuwa sai ka ce an jefar da tire."

Dillalin ya kawo makulli ya ce a ɗana. Baba ya zauna a kujerar direba, ita a gefensa, dillalin a baya. Suka fita titi. Hayaniyar gari ta tsaya a bayan gilashi, ramukan hanya suka zama kamar babu su. Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya miƙe ƙafaɗunsa, irin miƙewar da ta san shi da ita lokacin da yake sanye da kayan aikinsa masu maɓallan zinare. Ya ce a da, da mota ta tsaya a ƙofar otal, kafin ya buɗe ya san ko mai ita zai ce masa sannu ko ba zai ce ba. Ya ce ya sha yi wa kansa alkawarin in Allah ya ba shi irinta, duk wanda ya buɗe masa ƙofa sai ya tambaye shi sunansa. Yana faɗa yana dariya, kamar abin wasa ne. Ita kuwa ta manna fuskarta ga taga, don ba ta taɓa ganinsa cikin farin ciki irin wannan ba tun da ciwon ya kama shi, kuma abin ya fi ƙarfin zuciyarta.

Da suka dawo, dillalin ya kai su ofishinsa, wani ɗan ɗaki mai bangon gilashi da fanka a kusurwa. Baba ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya gyara hularsa. Fuskarsa ta nuna ya shirya wa yaƙi, kuma yana ɗokinsa.

"To Lauya, bismillah. Buɗe shari'a."

Dillalin ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli, yana jiran ruwan hujjoji.

"Baba, ka saye ta," in ji ta. "Ta dace da kai."

Dillalin ya ɗago da sauri, yana neman ya gane ko gatse ne. Da ya ga da gaske take, sai bakinsa ya buɗe, ya shiga yabon hankalinta, yana cewa ai tun farko ya san 'yar babban gida ce. Baba bai ko dube shi ba. 'Yarsa yake kallo.

Shirun ya dame ta, sai ta shiga cike shi da surutu. Ta ce ai makin nan ƙiyasi ne kawai, ba kowace mota ke bin sa ba. Ta ce ta san wani bakanike da ya ƙware a irinsu. Ta ce tsatsafar man ma ba wani abu ba ne, roba ce za a canja. Tana magana tana jin yadda maganar ke fita ba gishiri, domin ita ba ta iya ƙarya ba, musu ta iya. Baba ya bar ta har ta kai aya. Sannan ya juya ga dillalin ya roƙe shi ruwan sha, mara sanyi, in babu a nan a samo a waje. Mutumin ya fita da rawar jiki.

Fanka na ta juyawa. Baba ya sauke ƙafarsa ƙasa.

"Tun kina 'yar mitsitsiya ban taɓa cewa abu kin ce min to ba, sai mun kai ruwa rana. Ko takalmin makaranta ne." Ya dube ta cikin ido. "Me likita ya tsayar da ke ya faɗa miki?"

"Maganar magunguna ce, Baba."

"Magunguna."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya sake gyaɗawa. Bai ƙara tambaya ba. Ya dubi hannayensa, ya mayar da agogon inda ya kamata ya zauna, agogon ya sake zamewa. A nan ta gane abin da ta aikata. Da ta tashi ta yi masa ruwan hujjoji kamar kullum, da ta kira motar akwalar masu kuɗi, da ya yi dariya ya kafe, ya saye ta a kan idonta, ya tafi gida yana murna ya ci Lauya. Ta so ta ba shi kyauta, sai ga shi da bakinta ta faɗa masa abin da ta roƙi likita ya ɓoye.

Dillalin ya dawo da ruwa da takardun baƙar motar a hammata. Baba ya karɓi ruwan ya yi godiya, ya kurɓa, ya miƙe. Ya ce a kai shi wurin sabuwar.

Tana can ciki, a ɗakin baje koli, fara, kujerunta da ledarsu. In aka kwatanta ta da baƙar sai ta zama kamar ƙanwar da aka bari a gida. Baba ya buɗe ya shiga, ya laluba ƙarƙashin kujera ya jawo ta gaba, ya ƙara jawowa, har gwiwoyinsa suka tokari gaban motar. Ya ɗan zame ƙasa, ya rage tsawonsa, ya leƙa ta saman sitiyari yana duba ko ana ganin hancin motar. Ya gyara madubi daidai wannan tsawon. Lauya ta tsaya tana kallonsa, ta san tsawon wa yake aunawa. Mama ko kafaɗarsa ba ta kai ba.

Ya tambayi dillalin ko sitiyarin na da nauyi a hannun mace mai ciwon kafaɗa. Ya tambaya ko in taya ta yi faci akwai wanda kamfani ke turowa, ko sai mutum ya nemi taimako a titi. Ya tambayi nisan garejinsu daga unguwarsu. Dillalin na amsawa yana satar kallon Lauya, ya kasa gane inda cinikin ya juya.

"Wannan garantin na shekara biyar," in ji Baba, "motar yake bi, ko mai ita?"

"Motar yake bi, Yallaɓai. Ko hannun wa ta koma, yana nan."

"Madalla."

Lauya ta durƙusa a bakin ƙofar motar, ta riƙe hannun rigarsa. Ta ce don Allah ya bar wannan, ya ɗauki wadda ransa ke so. Ta ce ita za ta ɗauki nauyin gyara, ko me ya lalace. Ta ce ya yi wa mutane hidima shekara da shekaru, ya ci a ce shi ma an buɗe masa ƙofa. Ta dage, ta kawo hujja bayan hujja, yadda ta saba.

Shi kuma ya karɓe ta da nata makaman, ɗaya bayan ɗaya, ashe duk yana ji lokacin da take karanto masa yana yi kamar barci yake. Ya ce giya. Ya ce wayoyin wuta. Ya ce kayan gyara sai an yi oda.

"Tauraro biyu cikin biyar, ke kika faɗa. In ta durƙusa da mamanki a tsakiyar titi, kina ofis, wa za ta kira?"

Tunda take a duniya ba ta taɓa rasa abin da za ta mayar masa ba sai yau. Ta kifa goshinta a kan hannunsa ta yi kuka, shi kuma ya dafa kanta da ɗaya hannun yana kallon gaba ta gilashin motar. Dillalin ya tuna yana da wani aiki a waje, ya sulale.

Da aka zo cike takardu, Baba ya ce a sa sunan matarsa. Ya karanto shi harafi bayan harafi, ya sa aka gyara inda aka yi kuskure. Aka ce a dawo gobe a ɗauka, bayan an sa lamba. A hanyar fita sai da suka wuce ta gaban baƙar motar, tana nan tana sheƙi a rana, wani ma'aikaci na goge mata taya. Baba ya ɗan rage tafiya. Ta zaci zai tsaya, amma ya wuce.

Suna tsaye a bakin titi suna jiran tasi wayarta ta yi ƙara. Mama ce. Lauya ta dubi wayar, ta san in ta buɗe baki muryarta za ta tona ta. Baba ya miƙo hannu ya karɓa.

Tana jiyo muryar Mama daga inda take tsaye, tana tambaya wa ya yi nasara.

"Wa kuwa? 'Yarki mana. Kin taɓa ganin na ci ta?" Ya yi dariya, dariya sosai, har da ɗan tari. "Gwangwanin muka saya. Fara ce, za ki so ta."

Mama ta yi ta hamdala, tana cewa Allah ya yi wa Lauya albarka da ta ceci gidan daga hannun bakanike. Ta ce su yi sauri, abinci na hucewa. Baba ya kashe wayar ya miƙa mata. Ya zaro hankicinsa daga aljihu ya haɗa mata da shi.

"Goge fuskarki. In mun shiga gida, ki shiga da cika baki, ki yi min dariya, ki ce ai kin faɗa min. Kada ki rage komai." Ya ɗaga hannu yana tsayar da wata tasi da ke tahowa. "In kika tausaya min a gabanta, ita ma za ta gane."